Awa Uku a Kan Takarda

4 ga Fabrairu

Auta,

Sallama da gaisuwa daga gida gaba ɗaya. Muna lafiya, sai dai tari da ya zagaye yara, ya fara da babba ya ƙare da ƙarami, yanzu ya koma kan uwarsu. Ni ma ƙafar nan tana taɓa ni in na daɗe tsaye gaban allo, amma ba ta hana ni komai ba. Inna tana gaishe ki.

Ga abin da ya sa na ɗauki biro ba ƙarshen wata ba. Ranar Litinin na kai Inna wurin likitan ido. Kin san tun bara take cewa kamar ana rage mata fitila. Mu mun ɗauka yana ce, a kankare a huta. Likita ya ce ba yana ba ce, jijiyar idon ce take mutuwa, kuma abin da ya tafi ba ya dawowa. Na hagu ya riga ya rufe. Na dama saura ɗan tsakiya, kamar mai leƙe ta ramin makulli, shi ma sai in rana ta take sosai. Na tambaye shi saura yaushe. Ya yi ta juya biro a hannu kafin ya ce wata huɗu, ko biyar in magani ya karɓe ta.

Muka kamo hanya har ƙofar gida. Nan ta ce, "Ni ba duhun nake tsoro ba. Fuskar Auta nake so in ƙara gani, shekara biyu ke nan."

Saboda haka ki zo. Na ɗauko takardar tikitin dawowarki da kika bar mana a akwatin Inna, ga ta a gabana. Tashi ƙarfe tara na safe, sauka sha biyu na rana. A ɗebe tara daga sha biyu, saura uku. Shekara goma sha tara ina koyar da lissafi, ba a banza yara suke kirana Malam Ɗebe ba. Kin ce Lahadi ba kya aiki. Ki roƙi Litinin ki haɗa. Awa uku a sama, awa huɗu a mota daga filin jirgi, ki kwana a ɗakinki, Inna ta kalle ki son ranta da hantsi, da yamma ki koma. Mai kifin bakin kasuwa yana yin tafiyar da ta fi wannan duk mako, kuma ba shi da uwa a can.

Yayanki.

23 ga Fabrairu

Yaya,

Na gode da gaisuwa, Allah ya ƙara wa yara da mamansu sauƙi. Ƙafarka kuma ka daina raina ta, ka samu kujera a aji, ba wanda zai rage maka daraja don ka zauna. Ni lafiyata ƙalau, sai yatsu da suke tsagewa saboda sabulu.

Na karanta wasiƙarka a tsaye tsakanin injin wanki na uku da na huɗu, don nan ne kaɗai shugabarmu ba ta hangowa. Agogo muke ce mata, saboda ko gaisuwa za ta amsa sai ta duba hannunta. Da na zo kan maganar Inna sai na cusa fuska a cikin zanen gadon wani baƙo na yi kuka. Doguwa, wadda muke guga tare, ta karɓi zanen ta mayar da shi cikin inji ba ta tambaye ni komai ba.

Ban taɓa ba ka labarin ɗakin da muke aiki ba. A ƙarƙashin otal yake, matakala ashirin da biyu. Inji shida, tururi daga safe har yamma, taga ɗaya tak a can kusa da rufi, faɗinta bai fi kamu ɗaya ba. Filin jirgi yana bayanmu, don haka abin da ke wucewa ta tagar nan cikin jirage ne kawai. Na san su da ƙara. Akwai babba mai tashi tara na safe ran Talata da Asabar, shi ne mai zuwa wajenmu. In ya wuce, cokulan shayinmu har rawa suke a kan kanta, Doguwa ta ce, "Ga mijinki can ya sake tafiya ya bar ki."

Yaya, maganar zuwa ba ta da sauƙi. Fasfo ɗinmu yana kulle a ofis, ba a ba mutum sai da sa hannun Agogo da na manaja. Dogon hutu sai an cika shekara uku, ni kuwa saura min wata goma sha ɗaya. Wanda ya wuce kwanakin da aka ba shi ko da yini ɗaya, a soke takardar zamansa, aikin nan kuma shi ke riƙe da maganin Inna. Ga shi nisan da ke tsakaninmu ya fi yadda kuke zato. Zan gwada magana da Agogo in na ga fuskarta a sake.

Na sa hotona a ciki, na watan jiya ne. A nuna mata da rana tsaka.

Autarku.

14 ga Maris

Auta,

Muna nan lafiya. Tari ya bar gidan. Kujera kuma ban samu ba, ban nema ba.

Hoto ya iso. Na fitar da Inna tsakar gida ƙarfe sha biyu na ba ta. Ta kai shi kusa da ido, ta ja shi nesa, ta karkata kai. Ta ce tana ganin farar riga da wani abu a samanta. Sai ta miƙo min ta ce takarda ba ta ƙifta ido, in ajiye.

Na karanta layin nan naki ya fi sau goma: nisan da ke tsakaninmu ya fi yadda muke zato. Na gane, Auta. Ba yaro ba ne ni. An je an ga otal mai hawa da yawa, an saba da mutanen da ba sa cire takalmi a ƙofa, yanzu mu ne muka yi nisa. Da kin fito fili kin ce zuciyarki ce ta matsa, da ya fi min wannan zagaye-zagayen na fasfo da sa hannu. Ba na ce ƙarya kike ba a kan dokarsu. Cewa nake wanda yake so, yini ɗaya ba ya gagarar roƙo.

Don kada ki ce tsufa ya fara taɓa min kai, na rubuta tikitinki a allo ranar Alhamis, ban sa sunanki ba. Jirgi ya tashi tara, ya sauka sha biyu, awa nawa ya yi? Yara arba'in da biyu, har da na bencin baya masu barci, kowa ya ce uku.

Abin da ya fi ci min rai shi ne na yi subul da baka na gaya wa Inna cewa Lahadi za ki zo, ban faɗi wacce ba. Yanzu kowace Lahadi da la'asar sai ta sa a fitar mata da kujera bakin ƙofa. Ta ce ko ba ta ga motar ba za ta ji tsayuwarta. Lahadi biyar ke nan. In magariba ta yi ni nake ɗauko kujerar, kuma ba na iya kallon ta.

Yayanki.

2 ga Afrilu

Yaya,

Ina gaishe ka, ina gaishe da Inna da kowa. Lafiyata lau. Ka zauna kafin ka karanta wannan, ko a kan tebur ne.

Zuciyata ba ta matsa ko'ina ba. Nisan da na faɗa, nisa ne na gaske, na hanya. Tafiyar ba awa uku ba ce. Awa goma sha biyu ce cur a sama.

Ka tuna ranar da aka kawo tikitin, muna zaune a ɗakin Inna? Takarda biyu ce. Ta zuwa ta ce tashi goma na safe, sauka shida na safiyar washegari. Ta dawowa ta ce tara zuwa sha biyu. Inna ta tsorata da ta farkon, sai kai ka gyara tabarau ka ce ai na zuwan mai tsaye-tsaye ne, yana ɗaukar fasinja a hanya kamar motar haya, na dawowan ne kai tsaye, shi ne ainihin nisan. Inna ta ce, "To in awa uku ce, ta je." Ni ma na yarda da kai, wa zai ja da Malam Ɗebe a kan lamba?

Na shiga jirgin ina jiran tasha ta farko. Aka ba mu abinci, aka kwashe, aka sake ba mu. Ƙafafuna suka kumbura a takalmi. Bai tsaya ko'ina ba. Da na gaji na nuna wa ma'aikaciyar jirgin takardun biyu, ita ce ta zana min a bayan ambulan. Kowace lamba a tikiti da agogon garin da take aka rubuta ta. Taran nan tamu ce ta nan, sha biyun kuma taku ce ta can. Mu muna gabanku da awa tara, rana tana fara fito mana. Yanzu da nake rubutu ƙarfe bakwai na yamma ne, na tashi daga aiki, kai kuwa kana gaban allo ƙarfe goma na safe. Sai ka ɗora tara a kan ukun nan taka.

Za ka ce me ya sa na yi shiru shekara biyu. Na fara rubuta maka tun makon farko, na yage. Da awa ukun nan Inna take barci. Duk wanda ya zo gaishe ta sai ta ce Auta tana nan kusa, ko biki da safe ta taso za ta same shi. Kuma kai ne ka faɗa, a gaban kowa. Na ga in na gyara, na karya mata kwanciyar hankali, na kuma kunyata ka. Na ce bari in cika shekara ukuna in dawo, ba wanda zai taɓa sani. Ban san ido zai yi mana haka ba.

Na yi wa Agogo magana sau biyu. Na farko ta ce lokacin baƙi ne, na biyu ba ta ɗago kai ba. Ina nan kamar zanen da ke juyawa a inji, ina ganin ƙofa ta gilashi amma daga waje ake buɗe ta. Don Allah a shigar da kujerar nan.

Autarku.

20 ga Afrilu

Auta,

Muna lafiya. Mako biyar ke nan ban ga amsarki ba. Duk ranar da na bi ta gidan waya, ma'aikacin tun daga nesa yake girgiza min kai.

Likita ya sake duba ta. Ramin ya ƙara tsukewa. Jiya ta kira matata da sunan maƙwabciya, kuma suna tsaye gaba da gaba.

Shirunki ma amsa ce, na karɓa. Ba zan ƙara roƙon ki ba. In ta daina gani zan sanar da ke a layi ɗaya, don kada in ɓata miki lokaci.

Yayanki.

26 ga Afrilu

Auta, ƙanwata,

Ki ƙona wasiƙata ta ashirin ga wata. In kin riga kin karanta, ki yafe min. Taki ta biyu ga wata sai jiya ta iso, da hatimin wani gari daban a bayanta, ta je yawo ta dawo.

Na karanta ta a ɗakin malamai, na ce ba zai yiwu ba. Na je ɗakin ajiya na tono ƙwallon taswirar duniyar nan da ba a taɓa shi ba tun zamanin tsohon shugaban makaranta. Na rufe taga, na haska shi da tocila, ina juyawa da yatsa. Ga ki cikin haske, ga mu a duhu. Na ɗauko zare na auna daga filin jirginku zuwa namu, na kwatanta da ma'aunin da ke jiki: kusan kilomita dubu goma. Malamin kimiyya ya ce jirgin fasinja yana cin wajen ɗari takwas da hamsin a awa. Na raba. Sha biyu ta fito tana kallona. Shekara biyu ƙwallon nan yana bayan bangon ajina, ban taɓa tunanin in duba ba, saboda na tabbata na sani.

Yau na sake rubuta tambayar a allo na gaya wa yara cewa su arba'in da biyu sun faɗi, malaminsu ne na arba'in da uku. Sun yi dariya, ni ban iya ba.

Mai wuyar ita ce Inna. Na same ta da la'asar na faɗa mata komai, na ce laifina ne, ke rufa min asiri kika yi. Sai ta tambaye ni ƙarfe nawa ne yanzu a wurinki. Na ce ɗaya na dare. Ta ce, "Ashe duk zaman da nake yi a ƙofa, yarinya barci take." Ta ce in gaya miki kada ki zo, kada ki rasa aikinki a kan idon tsohuwa. Na isar da saƙo kamar yadda aka ba ni. Amma ki sani, bayan ta faɗa, sai ta tambaye ni ko awa sha biyun ana ba mutum wurin miƙe ƙafa.

Yayanki da ya yi kuskure.

14 ga Mayu

Yaya,

Gaisuwa da fatan kuna lafiya. Wasiƙunka biyu rana ɗaya suka zo, ni kuma da bin tsari na fara da ta farko. Na sha kuka kafin in buɗe ta biyu, na sake shan wani. Na yafe, kai ma ka yafe min shirun shekara biyu.

An ba ni kwana biyu. Doguwa ce ta ja wasu mata biyu suka je gaban Agogo suka ce za su raba aikina a tsakaninsu. Agogo ta kira ni ofis ta tambayi me ke damun uwata. Da na faɗa mata, sai ta cire agogon hannunta ta ajiye a tebur, abin da ban taɓa gani ba. Ashe ita ma ba 'yar nan ba ce, shekararta shida ba ta je gida ba. Ta ce iyakar abin da sa hannunta zai iya shi ne Talata da Laraba, na mako na uku a watan Yuni. Alhamis ƙarfe takwas na safe in kasance gaban injina. In na makara, ita ma ba ta da ta cewa, ofis ne zai soke takardata.

Maganar tikiti na gama da ita. Ga lambobin, wannan karon ka yi lissafin da kyau. Talata in tashi tara agogonmu, in sauka sha biyu agogonku. Jirgin komowa Laraba ne, goma na safe agogonku, awa goma sha ɗaya yake yi don iska tana tura shi ta baya, ya sauka shida na safiyar Alhamis agogonmu. In na rasa shi, babu wani sai Lahadi. Ana so mutum ya kasance a filin jirgi awa uku kafin tashi.

Ka gaya min awa nawa zan samu da Inna, kuma nawa ne a cikinsu da rana. Kada ka gaya mata tukuna, kada mu koma gidan kujera.

Autarku.

30 ga Mayu

Auta,

Muna lafiya, Inna tana cin abinci sosai. Na yi lissafin sau uku, na ba malamin kimiyya ya sake yi, don yanzu ban yarda da kaina ba.

Bai fita ba. Ki sauka sha biyu, kafin a duba takardu ki fito, ɗaya ta yi. Awa huɗu a mota, ki iso gida biyar na yamma. Don ki kama jirgin Laraba sai kin bar gida tun uku, kafin asuba. Inna kuwa yanzu daga sha ɗaya zuwa biyu na rana kaɗai take iya rabe fuska, na gwada ta da yara kwana huɗu a jere ina rubutawa. Wato za ki ƙetare rabin duniya ki zo ki zauna kusa da ita awa goma, babu ko minti ɗaya a cikinsu da za ta gan ki.

Na kwana biyu ina juya abin, sai matata ce ta warware shi tana tsintar shinkafa. Ta ce tunda ba za a iya matso da rana ba, a matso da Inna. Ɗan'uwanta yana da gida kusa da filin jirgi. Za mu taho tun Litinin mu kwana a can. Na je da kaina ranar Asabar na duba zauren da fasinja suke fitowa: bangonsa na kudu gilashi ne daga ƙasa har sama, ƙarfe ɗaya rana tana zuba a ciki kamar a tsakar gida. Na zaɓi inda za ta tsaya, kusa da ginshiƙi na biyu daga ƙofa. In kin fito ɗaya, muna da awa guda cif.

Dole na gaya mata, ba a ɗaukar tsohuwa tafiyar awa huɗu a ce asibiti za a je. Ta yi faɗa ta ce ai ta ce kada ki zo. Da ta gama faɗan ta sa aka ciro mata kayanta na ƙasan akwati a shanya. Kada ki tsaya jiran jaka, ki taho da ta hannu kawai.

Yayanki.

21 ga Yuni

Yaya,

Na sauka lafiya. Takwas saura kwata ina gaban injina, Agogo ta duba hannunta ta gyaɗa kai, ta karɓi fasfo ta mayar ofis. Ina fata kun isa gida lafiya, kuma motar ba ta wahalar da Inna ba. Ka yi wa matarka da ɗan'uwanta godiya.

Ba mu samu magana ni da kai ba, don haka bari in faɗa maka ta ɓangarena. Mun shiga jirgi a kan lokaci, aka rufe, sai aka ce wata ƙofar kaya ta ƙi kulluwa. Awa huɗu da rabi muna zaune a ƙasa, an hana kowa fita. Ta tagar da nake ina hango bayan otal ɗinmu, har hayaƙin ɗakin wanki. Ina ta ɗebe tara daga agogona ina ɗora sha biyu, ina kallon awa gudan nan tamu tana narkewa tun ban bar ƙasa ba. Ban taɓa jin na tsani kujera kamar ranar ba.

Ka san sauran. Na fito biyar da rabi, hadari ya rufe gari, gilashin nan da ka zaɓa ya koma toka-toka. Na hango ku a ginshiƙi na biyu. Na kuma ga lokacin da ka taɓa gwiwar hannunta ka juya ta wajena, kada ka ce ban gani ba. Tun ina taku biyar da ita ta ce, "Ga ta nan, na gan ki sarai. Kin yi ƙiba, Auta, garin ya karɓe ki."

Yaya, ni da na rame har sai da na rage duk rigunana. Kai kanka da ka gan ni sai da ka kawar da kai. Da na ƙarasa ta kama wuyan hannuna, yatsunta suka zagaye shi suka haɗu har da saura. Daga nan ba ta ƙara maganar ƙiba ba, sai tambayar ko ana ba mu abinci a kan lokaci. Mun yi hira sosai a masauki, na gode Allah da wannan. Da safe kuma bakwai na shige ciki, rana ko kan rufin motoci ba ta hau ba.

Abu ɗaya nake so ka faɗa min, kai da ka daina yi min lissafin kwantar da hankali. Ko kaɗan, ko inuwa, ta gan ni? Kowace ce amsar, kada ka nuna mata na gane. Saura min wata bakwai.

Autarku.

9 ga Yuli

Auta,

Mun iso lafiya, yara suna gaishe ki. Ƙafar ta kumbura bayan tsayuwar ranar, yanzu a zaune nake koyarwa.

Tun kafin wasiƙarki ta zo Inna ta sa na yi mata alkawarin ba zan gaya miki komai ba. Ke ma ga shi kin ce kada in nuna mata. Kun sa ni a tsakiya, ku biyun, kowa na rufa wa kowa. Zan riƙe naki. Nata kuwa zan karya, Allah ya yafe min, don mun ga inda shiru ya kai mu.

Tun sha ɗaya muke tsaye a wurin, ta ƙi zama. Ƙarfe ɗaya hasken ya zo yadda na faɗa miki. Ta ga wata yarinya da jar jaka, ta ga tabarauna, har ta ce sun karkace. Duk macen da ta fito sai ta ɗaga kai. Wajen biyu da rabi ta daina ɗagawa. Da uku ta ce min a hankali, "An kashe fitilar." Na ce mu je ta huta, ta ce a'a, in kin fito in taɓa ta kawai, sauran ta san yadda za ta yi.

Ba ta gan ki ba, Auta. Kuma tun makon jiya ko da rana tsaka babu komai, likita ya tabbatar.

Ba ta yi kuka ba, a can ko a nan. Ranar Laraba da muka baro filin jirgi, mun yi wajen awa guda muna tafiya a mota. Sai ta laluba ta kamo hannuna ta tambaye ni ko na kalle ki da kyau. Na ce na kalla. Ta gyara zama ta juyo da kunnenta wajena.

Ta ce, "To faɗa min fuskarta. Ka fara daga goshi, kada ka yi sauri, muna da awa uku."

Yayanki.